Ranar da Hajiya Yelwa Ta Yi Niyyar Yi wa Maciji Ɗura

Ranar Talata, tara ga watan Yuli na shekarar 2019, gari ya waye a Zariya da yayyafi, rana ba ta leƙo ba. A ranar ne ɗan macijin da ke gidan Hajiya Yelwa ya cika kwana ashirin da shida bai sa komai a cikinsa ba.

Macijin ba nata ba ne. Na jikarta Suwaiba ne, wadda ta karanta ilimin dabbobi a jami'a, aka tura ta bautar ƙasa wani ƙauye a kudu inda waya ba ta shiga. Irin wanda Turawa ke kira macijin masara ne, ba shi da dafi, jaja-jaja mai zane a baya, tsawonsa kamu ɗaya, kaurinsa kamar fensir. Suwaiba ta bar shi amana, ta bar jinjirayen ɓera a firji, ta ce duk mako a jiƙa ɗaya a ruwan ɗumi a ba shi. Hajiya ba don tana so ta karɓa ba. Amma tun da ta karɓa ya zama aiki, ita kuwa ba ta san wasa da aiki ba. Shekara talatin ta yi tana kula da ɗakin cin abinci na wata makarantar kwana ta 'yan mata, ba a taɓa samun yarinyar da ta bar saura a kwano a gabanta ba.

Don haka ta ɗauko akwatin gilashinsa daga ɗakin Suwaiba ta kawo falo, inda idonta zai riƙa kaiwa. Ta kunna masa fitila. Ta cire ɓawon kwakwar da yake shiga ƙarƙashinsa, don a saninta mara lafiya ba ya ɓuya wa mai jinya. Sau uku a rana takan ɗaga shi ta duba, ta kaɗa masa ɓeran a hanci. Maciji ya kau da kai, ya yi ta ramewa har ƙashin bayansa ya fito.

Da safiyar nan ta fito baranda da sirinji a tukunyar ruwan zafi, da gwaiduwar ƙwai a kofi. Akwai wani tsohon kunkuru a gidan, tun na mahaifin marigayi mijinta. Yana nan aka kawo ta, shi ya sa har yau Amarya yake kiranta. Ya miƙo wuya daga gindin randa ya ce, “Amarya, me ake dafawa da farar safiya haka?”

Ta ce, “Ɗura zan yi masa, Baba. 'Ya'ya bakwai na yi wa ɗura da hannun nan, duk sun rayu, ɗaya ma har da teɓa.”

Kunkuru ya ce, “Su suna da kumatun da za a riƙe. Wannan wuyansa bai kai ƙaramin yatsanki ba. In kin matse shi, mai yiwuwa ƙwan ya shiga, amma ba lalle ki sami wanda zai narkar da shi ba.”

“To in ƙyale shi ya mutu? Da wane baki zan gaya wa yarinyar nan?”

“Ina dai jiye miki abin da ya kusa samun Sarkin Fawa Nomau da surukinsa.”

Hajiya ta dubi tukunya, ta ga ruwan bai huce ba. Ta ce, “Me ya same su? Amma ka taƙaita.”

Kunkuru ya ce:

An yi wani Sarkin Fawa a wani gari gabas da nan, sunansa Nomau, mutum mai kyauta, mai alfahari da namansa. Ya aurar da 'yarsa ga wani manomi mai suna Jatau, yana kuwa son Jatau kamar shi ya haife shi. Wata rana Jatau ya yi tafiyar yini biyu a ƙasa ya zo gaisuwa. Kin san suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Akan kai masa ne masauki, a ja ƙofa. Amma Nomau ya ce wannan al'ada ta baƙi ce, shi da Jatau sun wuce nan. Ya ɗauki akushi da kansa, ya ajiye, ya harɗe a gabansa ya ce, “Bismilla, ɗana.”

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake.” Cikinsa kuwa har kuka yake, Nomau ya zaci tattabarun gidan ne.

Kashegari Nomau ya ce lalle naman ne bai yi ba. Aka yanka rago, aka yi balangu, aka yi farfesu. Ya kuma ce wataƙila kaɗaici ne, ya kira ƙannensa huɗu suka kewaye Jatau, kowa na cewa, “Ci mana.” Jatau ya yi godiya ga kowa da sunansa, bai taɓa ko albasa ba. Rana ta uku a zaune ya yi sallar azahar. Nomau ya tsorata, ya aika aka karɓo jiƙon buɗe ciki, ya ce mahauta huɗu su danne Jatau a ɗura masa.

Ana cikin neman igiya sai yayar Nomau, wata tsohuwa da ake kira Iya Tabawa, ta dogara sanda ta fito ta ce, “Nomau, kafin ka kashe wa 'yarka miji don ƙauna, zauna in ba ka labarin Kande da daddawarta.”

Ya ce, “Yaya, yanzu lokacin labari ne?”

Ta ce, “Zauna.” Ya zauna. Ta ce:

Akwai wasu mata biyu maƙwabta, Kande da Ladiyo, kowace na yin daddawa. Kande mace ce mai tsafta da kula. Takan dafa kalwa ta wanke, ta zuba a kwando, ta rufe da ganye da buhu yadda ake yi, don ta kwana uku a rufe ta nuna. Amma rufewar ce ba ta iya jurewa. Kafin hantsi ta buɗe ta sunsuna, kafin azahar ta buɗe ta juya. Zafin da ya taru ya fice, daddawa ta ƙi nuna. Ladiyo kuwa malalaciya ce. Ta rufe tata ta tafi suna wani gari, ba ta tuna ba sai da ta dawo ta ji ƙamshi tun daga zaure.

Kande ta je ta ce, “Don Allah me kike sawa?” Ladiyo ta ce, “Wallahi mantawa na yi da ita.” Kande ta ce ashe abin mai sauƙi ne. Ta koma ta dafa sabuwa, ta rufe, ta jawo kujera ta zauna a gindin kwandon tana mantawa. Lokaci-lokaci takan ɗaga gefen buhun kaɗan, ta ga ko mantuwar ta fara aiki.

Iya Tabawa ta ce, “Har ta mutu tana zagin masu sayar da kalwa. Kai ma na ji tun jiya kana zagin masu gashi.”

Nomau ya ce kowa ya fita, a ja ƙofa. Aka ja. Shi kuwa ya zagaya baya ya sa ido a wata 'yar kafa. Jatau ya ɗauki ƙashi ke nan zai kai baki, ya hangi ƙwayar idon surukinsa tana ƙyalli, ya mayar da ƙashin a hankali ya ce, “Alhamdu lillahi.” Sai da Iya Tabawa ta ƙirƙiro labarin wani sa da ta ce ya karye a bayan gari, ana neman Sarkin Fawa da gaggawa. Kafin Nomau ya je ya rasa san ya dawo, akushi uku sun fito kamar an wanke. Nomau ya dube su ya ce dama ya san gishiri ne ya yi kaɗan.

Kunkuru ya numfasa ya ce, “To ke ma, Amarya, kin ba ɗan nan fitila, kin ba shi falo, kin ba shi lokacinki. Abu ɗaya ne bai gani ba a kwana ashirin da shida, shi ne ƙeyarki.”

Hajiya ta ɓata rai. Ta ce, “Jatau kunya yake ji. Maciji kuma kunyar wa zai ji?”

“Shi tsoro yake ji. Mu masu jan ciki, in muna ƙanana, duk abin da ya rufo mu daga sama shaho ne. Maciji in ya fara haɗiya ba ya iya gudu, ba ya iya sara. Ba zai fara ba sai ya tabbata ba mai kallo.”

“Ni ai alheri nake nufinsa da shi.”

“Na sani. Amma daga ƙasa, inuwarki da ta shaho iri ɗaya ce.”

Hajiya ta daɗe tana kallon sirinjin. Bai yi mata daɗi ba a ce maganin ba ya bukatarta. Can ta zubar da ruwan zafin, ta ce, “Na ji, Baba. Gaskiyarka. Faɗi yadda za a yi.”

Ya faɗa, ta yi. Ta mayar da akwatin ɗakin Suwaiba, ta kashe fitila, ta mayar da ɓawon kwakwa. Ta jiƙa ɓera ɗaya har ya yi ɗumin jiki, ta ajiye a bakin ɓawon, ta lulluɓe akwatin da tsohon zane, ta ja ƙofa. Ta zauna a falo ta ɗauki carbi. Ba ta kai ƙarshen zagaye ɗaya ba ta ga kanta tsaye, hannunta a kan mariƙin ƙofar.

Daga baranda kunkuru ya ce, “Amarya, ni ba ni da san da zan karya miki a bayan gari.”

Ta saki ƙofar. Ta ɗauki takarda da ambulan da laima, ta kulle gida, ta ƙi hawa keke mai ƙafa uku, ta taka da ƙafa har gidan waya. A can ta zauna a benci ta rubuta wa Suwaiba wasiƙa. Ta yi gaisuwa, ta ba da labarin damina da ciwon gwiwarta. Da ta zo kan maciji ta rubuta layi ta soke, ta sake ta soke. A ƙarshe ta rubuta: “Abokinki ya yi kwana ashirin da shida bai ci ba, kuma laifina ne. Yau na ajiye masa na fito. Ko ya ci ko bai ci ba, ban sani ba, an kuma ce mini rashin sanin nawa shi ne maganin.”

Ta manne ambulan, ta liƙa kan sarki, ta jefa a akwati. Ta juya za ta tafi, sai ta dawo, ta duƙa ta sa ido a bakin akwatin, ta ga ko wasiƙar ta sauka daidai.