Tazarar Yatsu Biyu

Ranar da na fara ganinsa, ina zaune a bencin shagon Kawu da littafi a cinyata, na kai masa abincin rana. Kawu sayar da tayoyi da gyaransu ne sana'arsa. Wani saurayi ya tsaya da mota tayarta ta yi faci, ya fito yana duba agogo.

"Baba, a taimaka a yi min yanzu-yanzu."

Ko noti ba a gama kwancewa ba ya sake faɗa. Daga ranar Kawu ya laƙaba masa Yanzu-yanzu. Tela ne, mai kirki da sakin fuska, ba shi da aibi sai rashin haƙuri. Bayan haka tayarsa ta riƙa yawan sacewa, kullum kuma daidai lokacin abincin rana. Da ya ce yana so ya aure ni, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ina son sa, amma ina tsoron zama da mutumin da bai iya jira ba. Umma ma ta ce in dakata mu ga halinsa.

Wata rana ya zo da sababbin rim masu ƙyalli, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, da tayoyi masu faɗi, yana ta washe baki. Kawu ya ɗaura masa su, ya ce, "Da saura. Waɗannan sun fi na asali faɗi. Sai mun murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, mu zuba mutane a baya motar ta zauna, sannan in sa hannu. In yatsu biyu ba su shiga tsakanin taya da bakin bodi ba, ba ta yi ba."

"Kawu, dubi yadda suka zauna daram."

"Kai da ba ka sa almakashi a yadi sai ka auna?"

"Mutane na jira na a shago. Zan dawo."

Bai dawo ba. Shi kaɗai yake yawo a motar, ba nauyi, don haka bai taɓa jin komai ba.

Da yayata ta haihu a wani gari, shi ya ce zai kai mu, don ya samu shiga wajen Umma. Ni da Umma da Gwaggo muka cika baya, but ɗin maƙil da kaya. Gwaggo kuwa Allah ya yi mata jiki. Ba mu yi nisa ba muka fara jin ƙurrr duk lokacin da aka faɗa rami, sai kuma ƙaurin roba.

"Ɗan nan, motarka tana kuka," in ji Umma.

"Ba komai, Umma, sabuwar taya ce."

Bakin ƙarfen bodi ne yake yankar gefen tayar sannu a hankali. A wata kwana ta fashe, motar ta ƙwace ta faɗa kwalbati. Allah ya tsare rayukanmu, amma Umma ta karye a tsintsiyar hannu. A asibiti ya tsuguna gabanta yana hawaye, ya kasa ko ɗaga kai. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce kawai, "Wanda ya kasa tsayawa a auna masa taya, ya zan ba shi 'yata?"

Na daina kai abinci shagon. Littafi ma na kasa karantawa.

Sai wata safiya Kawu ya aiko a kira mu. Muka tarar da motar an gyara, Yanzu-yanzu a tsugune da tef ɗinsa na awo a wuya, riga duk baƙin mai. Ya mayar da waɗancan tayoyin, ya samo masu matsakaicin faɗi waɗanda ba su turo waje ba. Kwana da kwanaki yana zuwa, in ji Kawu, ba ya ko kallon agogo.

"Gwaggo, don Allah ki shiga baya," in ji Yanzu-yanzu.

"Au, ni ce buhun gwajin naka? Ja'iri!"

Ta shiga tana mita, na bi ta, makanikan maƙwabta suka cike sauran wurin. Umma na zaune a benci da hannu a ɗaure, tana kallo. Ya murɗa sitiyari har ƙarshe, ya sauko ya sa yatsu. Ya murɗa ɗaya ɓangaren, ya sake sawa. Ya zagaya ƙafa huɗu, ya kwanta ya leƙa ko tayar na kusa da bututun birki. Kawu ya ce ta yi. Shi kuwa ya ce a girgiza motar ya ƙara dubawa.

Na fito na dubi Umma. Ta ɗan gyaɗa kai.

"Zan aure ka," na ce, da ƙarfin da kowa ya ji. "Na yi alkawari. Amma sai hannun Umma ya warke."

"Zan jira," ya ce.

Kawu ya jefar da sifana. "To, yau sai mu nemo masa sabon suna."

Darasin da ke nan shi ne, kyan abu a ido ba shi ne dacewarsa ba. Taya mai faɗi ba laifi ba ce, amma a auna ta, a gwada ta da irin nauyin da za ta ɗauka. Ɗan lokacin da mai gaggawa yake ƙyashin bayarwa, sau da yawa wanda yake ƙauna ne ke biyan sa da jikinsa.