Usur a Kan Gada

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku. Wannan labari babu Gizo babu Ƙoƙi a cikinsa, kuma in na kai ƙarshe ba zan yanke muku hukunci ba, ku za ku yanke.

A wani gari da layin dogo ya ƙare a cikinsa, an yi wani tsoho ana ce masa Baba Ilu. Tun yana saurayi ya shiga aikin jirgin ƙasa, ya fara da zuba wa inji kwal, har ya zama direba. Gidansa na daf da wata gada da jirgi ke hayewa kafin ya shiga tasha. Duk ranar da ya dawo daga tafiya, da ya hau gadar nan sai ya ja usur da wata irin busa tasa shi kaɗai: doguwa, doguwa, sannan gajera. Matan unguwa suka ce ai cewa yake yi, "Hansai, na iso." Hansai kuwa matarsa ce. Da ta ji, sai ta ƙwanƙwasa taɓarya a bakin turmi, ta hau dakan fura.

Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka riƙe 'ya'yan ƙanwar Hansai da ta rasu, su uku: Sallau, da Jatau, da autarsu Lantana. Yaran suka girma, kowa ya kama gabansa. Baba Ilu ya yi ritaya, daga baya jirgin ma ya daina zuwa garin, ciyawa ta rufe dogo.

Abin da ya rage masa shi ne ɗaki guda da ya cika da ƙananan jirage. Ya yi shekaru yana tara su, ya kafa musu dogo a kan faffaɗan katako, da tasha ta kwali, da 'yar gada mai hawa irin ta bayan gidansa. A cikin kawunan jiragen akwai wanda ya fi so, wani baƙi na ƙarfe mai nauyi, wanda ake wanawa da makulli kamar agogo. Wani Bature da ya koya masa tuƙi ne ya bar masa shi. Yakan kira shi Dattijo. In aka nuna masa hoton na zamani sai ya taɓe baki ya ce, "Roba ce. Abin da ba ya da nauyi a hannu ba ya da nauyi a zuciya." Kullum da hantsi yakan wana Dattijo ya sake shi, in ya hau gada sai ya yi busar nan da bakinsa, Hansai ta ƙwanƙwasa turmi daga tsakar gida tana cewa, "Tsoho da wasan yara!" Sannan ta kawo furar.

Sai Hansai ta rasu. Aka yi zaman makoki aka watse, gida ya yi tsit. Ba a daɗe ba, wata safiya yana wana Dattijo, wani abu ya yi ƙas a cikinsa, makulli ya riƙa juyawa a banza. Baba Ilu ya ajiye shi, ya kwanta, ya juya fuska ga bango. Aka kawo tuwo ya ƙi, aka kawo kunu ya ƙi. In an matsa masa, abu ɗaya yake faɗa: "Ba a amsa ba." Likita ya duba shi ya ce bai ga ciwo ba, amma in bai ci abinci ba, kwana ya kusa ƙarewa.

Maƙwabta suka aika wa yaran nan uku. Kowannensu ya ji maganar tsohon, kowa ya fassara ta da abin da ke ransa. Sallau ya ce addu'a yake nufi, ya tara malamai. Jatau ya sunkuyar da kai, don ya san sau nawa wayar Baba ta shigo masa bai ɗauka ba. Lantana ta zaci sallama ce, ta riƙa amsa wa duk wanda ya taɓa ƙofa da ƙarfi don ya ji. Tsoho dai bai juyo ba.

Sallau mai gyaran agogo ne a birni. Ya rufe shagonsa, ya zauna a ɗakin jirage ya kwance Dattijo, ya tarar sifirin ɗin cikinsa ya karye, wato ƙarfen nan nannaɗaɗɗe da ke ba agogo rai. Irinsa an daina yi tun kafin a haifi Sallau. Ya bi tsofaffin masu gyara gari-gari, babu. A ƙarshe ya sauke agogon bango da maigidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi daga koyon sana'a, ya farke shi, ya ciro nasa sifirin ya goge ya rage har ya zauna. Ya wana Dattijo, ya ɗora shi a dogo. Da ƙarar ƙafafun nan ta shiga kunnen Baba Ilu, sai ya juyo daga bango, ya ce a kai shi ɗakin. Amma sabon ƙarfen bai kai na asali ƙarfi ba. Dattijo yakan taho da taragunsa, in ya zo hawan gada sai ya ja numfashi ya tsaya. Tsoho ya yi ta kallo, ya ce, "Ba a amsa ba." Bai ci ba.

Jatau ɗan kasuwa ne, kayan lantarki yake shigowa da su, ya fi kowa daɗewa bai taka gidan ba. Ya auna faɗin dogon da zare, ya kama hanya. Duk inda ya je sai a nuna masa na zamani 'yan mitsi-mitsi da ba za su hau wannan dogo ba. Ya bar kayansa a tashar jiragen ruwa ruwan sama na dukansu, ya ci gaba da nema, har ya samu guda mai faɗin da ya dace. Ja ne mai sheƙi, mara nauyi, batir ke tafi da shi, yana fitar da hayaƙi, yana da fitila, kuma in an danna wani maɓalli a rimot yakan yi usur kamar na babban jirgi. Da ya kawo, Sallau ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan kwalin ka yi mana tafiya dominsa?" Jatau ya ce, "Yaya, naka mai nauyin ai ga shi can yana barci a gindin gada." Aka ɗora sabon, ya zaga dogo fes, ya haye gada ko gezau. Baba Ilu ya ce, "Roba," ya kau da kai. Bai ci ba.

Lantana kuwa a garin take aure, ita ce ke masa wanka da shara tun da ya kwanta. Tana tsakar gida tana tankaɗe lokacin da Jatau ya danna usur cikin fushi. Sai rariya ta faɗi daga hannunta. Ta shigo ɗakin da sauri ta ce, "Yaya Jatau, sake dannawa. Ashe ba mu yake jira ba, amsar Inna Hansai yake jira." Ta ce a sa Dattijo a gaba, a ɗaura sabon a bayansa ya tura shi, kamar yadda Baba ke ba su labarin ana haɗa kai biyu a wurin hawa. Ta koya wa Jatau busar da ta ji tun tana goye: doguwa, doguwa, gajera, kuma kada ya danna sai Dattijo ya hau gada. Ta jawo turmin Hansai da ba wanda ya taɓa tun rasuwarta, ta tsaya tana jira.

Sallau ya wana. Dattijo ya taho, ya fara ja da baya a gindin gada, sabon ya sa masa kafaɗa, suka hau. Jatau ya danna. Daga tsakar gida taɓarya ta ce ƙwas-ƙwas a bakin turmi. Baba Ilu ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "To, a kawo furar mana. Mutum ya iso." Ya sha ludayi ɗaya, ya sha na biyu, ya shanye ƙwarya.

Ya ƙara damina biyu a duniya. Sallau ya koma shagonsa, Jatau ya koma kasuwarsa, Lantana takan leƙo in ta samu sarari. Yawancin ranaku tsoho shi kaɗai ne da kawunan jirginsa biyu, yana wana ɗaya yana danna ɗaya. An ce har ya daina cewa roba, ya koma kiran jan nan Yaron Dattijo.

Da ya ji jiki ya yi nauyi, ya kira mai unguwa ya ba shi makullin ɗakin. Ya ce, "Kada a raba su. In ka cire tsohon, ba wanda zai waiwaya. In ka cire sabon, ba a hawa gada. A ba da su duka ga wanda ya dawo da ni." Mai unguwa ya ce, "Wanne daga ciki, Malam Ilu?" Tsoho ya yi murmushi kamar zai faɗa, amma kafin ya faɗa rai ya yi halinsa.

Sallau ya ce da bai tayar da Dattijo ba, da Baba bai juyo daga bango ba. Jatau ya ce da bai kawo sabon ba, da babu murya, babu hawan gada. Lantana ta ce duk biyun an ɗora su a gabansa bai ci ba, sai da aka amsa. Ɗakin yana nan a kulle har yau, gizo-gizo ya yi saƙa a kan 'yar gadar, makulli na aljihun mai unguwa.

To, jama'a, in a hannunku makullin nan yake, wa za ku miƙa wa: Sallau, ko Jatau, ko Lantana?