Taimamar Shugaban Jami'a

An yi wani shugaban jami'a da ya ninka kuɗin ruwa, alhali famfunan ɗalibai sun bushe ƙaf. Ya ce, "Ranar da bakina ya furta babu ruwa, na soke kuɗin!"

Tanimu, ɗalibin da za a kora don rashin biya, ya tsare shi da surutu a gaban sauran ɗalibai, ranar da ya zo duba masaukinsu, har la'asar ta kusa kuɓucewa. Shugaba ya murɗa famfo, sai iska. Ya duƙa zai yi taimama.

Tanimu ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Taimama ga ruwa? Ai ba ta halatta ba."

"Kai, makaho ne? Babu ruwa!"

Tanimu ya shimfiɗa masa darduma. "Yi sallarka a natse, ranka ya daɗe. Shaidu sun ji."