Gwazarmar Cindo da Shawarar Zakara

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen zomo!

Ta zo mu ji ta!

An yi wani mutum wai shi Cindo. Maƙwabta na kiwon raguna, shi ko ya ce buzuzu zai kiwata, tunda buzuzu ba ya neman dusa. Ya tono gwazarma a juji, fara, ƙatuwa, irin wadda in ta girma take zama buzuzu mai ƙaho. Ya sa ta a kasko.

Gwazarma ta ce, "Maigida, zuba mini ruɓaɓɓen taki in nutse."

Zakaran gidan na gefe yana haɗiyar yawu. Ya ce, "Haba maigida! Mai tsabta irinka, 'yar ɗakinka a kashin shanu? A sa mata yashin rafi."

Cindo ya ji yabo, ya kwaso yashi. Yashi ya kurje mata ciki, ta fito sama tana mutsu-mutsu. Zakara ya kai sara, Cindo ya waiwayo.

"Me kake yi?"

"Gaishe ta nake, maigida."

Gwazarma ta ce, "Taki, maigida, taki!"

Zakara ya ce, "Haba maigida! Toka ta fi laushi."

Aka zuba toka. Ta fito tana atishawa. Zakara ya kai sara, Cindo ya waiwayo.

"Gaishe ta nake, maigida."

Daga nan Zakara ya ce auduga, shimfiɗar manya. To, auduga ba ta ciwuwa. Gwazarma ta rame kamar tsinke, Cindo ya zauna ya yi tagumi.

Ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, in na mutu ka riƙe yayyena. Suna cikin tsohuwar gorar nan ta juji, cikin jiƙaƙƙen taki. Duk sun fi ni ƙiba."

Kafin ta rufe baki, Zakara ya ɓace. Can sai Cindo ya jiyo fuffuka a juji. Ya iske Zakara ya cusa kai a gora, kai ya maƙale. Ya fizgo shi, ga kashin shanu har wuya.

"Kai mai ƙyamar taki? Su ma gaishe su kake?"

Ran nan Cindo ya cika kasko da taki da ruɓaɓɓen ganye, ya yayyafa ruwa. Gwazarma ta nutse, da damina ta fito da ƙahonta. Zakara bai gani ba, tuni miya ta gaishe shi. 'Ya'yansa kuwa har yau suna tonon juji, wai neman yayyen nan.

Yara, in za ku yi wa baƙo shimfiɗa, ku tambayi mai kwanciya, ban da mai haɗiyar yawu.

Ƙurunƙus kan zakara a gora!