Fuskar Da-som a Shafin Uwar Ɗakinta

Akwai wata mata a birnin Mokpo mai suna Pyo Ok-bun, tana da gidan miyar kifi kusa da tashar jiragen ruwa. Tun da shafinta na sada zumunta ya fara tara mabiya, komai ta gani sai ta ɗauka ta ɗora.

Ranar da wata matashiya mai suna Da-som ta kama aiki a wurinta, abu ɗaya ta roƙa: "Inna, don Allah kada fuskata ta fita a shafinki."

Ok-bun ta yi dariya. "Ke wace tauraruwa ce da za a neme ki?"

Ranar da suke haɗa kimchi, wato kabeji mai yaji, Ok-bun ta ɗauki bidiyo. Da-som ta fito a gefe, hannu dumu-dumu da barkono. Ok-bun ta lura, amma ta ɗora abinta, har da sunan shagon.

Ba a yi mako ba, ana tsaka da cinikin rana, wani mutum ya shigo tsaf da shi. Ya ajiye waya a gabanta, an tsayar da bidiyon daidai kan fuskar Da-som.

"Mama, matata nake nema. Ba ta da lafiya, ta bar gida."

Muryarsa a sanyaye. Saura kaɗan Ok-bun ta ƙwala mata kira. Sai ta waiga kicin, ta hango Da-som durƙushe bayan buhun shinkafa, ta toshe bakinta.

Ok-bun ta juyo ta ce, "Ta bar aiki."

Ya yi murmushi. "Ga takalminta can bakin ƙofa. Ni na saya mata."

Ya nufi kicin. Ok-bun ta riga shi, ta tsaya a ƙofar da tukunyar miya mai tafasa.

"Matsa, tsohuwa."

Ta ɗaga tukunyar, ta ce, "Ƙara taku ɗaya ka gani."

Masuntan da ke cin abinci suka miƙe suka zagaye shi, ɗaya ya kira 'yan sanda. Ashe tuni kotu ta hana shi kusantar Da-som, saboda dukan da ya sa ta gudu da 'yarta.

An tafi da shi. Ok-bun ta goge bidiyon, amma ya riga ya san garin. Dole Da-som ta cire 'yarta daga makaranta ta sake haɗa kaya.

A tashar mota Ok-bun ta ce, "Ki yafe mini, 'yata."

"Na fara jin daɗin garin nan, Inna."

"Ina za ku yanzu?"

Da-som ta riƙe hannun yarinyar. "Gara kada ki sani."

Darasi: Kada ka ɗora hoton kowa ko wurin da yake ba da izininsa ba. Ba ka san abin da yake gudu ba, kuma ba dole sai ya faɗa maka ba. Ku tura wa masu ɗaukar komai suna ɗorawa.