Barewa da Iskar Bayan Dutse

An yi wata Barewa mai yawan fargaba, wadda naƙuda ta kama a inda bai kamata ba. Haihuwar fari ce kuwa. Ta sauka da asuba a gindin wani rimi, yamma da wani ƙaton dutse. Sai da gari ya waye ta hango bakin kogo a jikin dutsen, ga ƙasusuwa zube a ƙofa. Gidan Kura ne.

Barewa ta dubi jaririnta. Ɗan nata ko tsayuwa bai gama iyawa ba, da ya miƙe sai ƙafafu su harɗe ya faɗi. Kura dai tana ciki tana barci, amma kowa ya san hancinta ba ya barci. Ƙanshin jariri na shiga kogon nan, shi ke nan.

Tana cikin wannan hali sai ga Shirwa ta sauka a reshen rimin. Ita Shirwa, in dai zancen iska ne, gani take gadon gidansu ne.

"Yaya Shirwa, don Allah ina iska ta dosa yau?" in ji Barewa.

Shirwa ta gyara fiffike ta ce, "Daga gabas take zuwa yamma. Ta tsallake dutse, ta wuce Kura, sannan ta iso ki. Ke za ki ji warinta, ita ba za ta ji naki ba. Yi kwanciyarki."

Sai aka yi gyaran murya daga cikin saiwar rimin. Damo ne, tsoho mai haƙuri, wanda ƙirjinsa bai taɓa rabuwa da ƙasa ba.

Ya ce, "'Yar nan, wannan iskar sama ce. Ta ƙasa dabam take. In rana ta ɗaga, iska tana tsallako dutsen nan, ta sauko, ta naɗe kamar tabarma, ta koma baya. Bakin kogon can take zuwa."

Shirwa ta kwashe da dariya. "Ji min tsoho! Kai da kake jan ciki, yaushe ka san iska? Ka taɓa hawanta?"

"Ban taɓa ba. Amma kullum ita ke zuba min yashi a ido."

"Iska ɗaya ce a duniya, kuma ni ce na san ta."

Barewa ta dubi wannan, ta dubi wancan. Gaskiya maganar Shirwa ta fi mata daɗi, don babu wahala a cikinta. Ta kwanta, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Da hantsi ya yi, iska ta fara ƙarfi. Audugar rimi ta faɗo a kan hancin ɗan. Barewa ta hure ta, ta bi ta da kallo. Audugar ta ɗan yi yamma, ta tsaya, ta yi juyi biyu a ƙasa. Sai ta kama gangarawa gabas, a hankali, har ta shige kogon Kura.

Barewa ta miƙe zumbur. "Baba Damo, na shiga uku. Ina zan bi?"

"Yi arewa. Da kun fita daga saitin dutsen, iska za ta miƙe. Kada ki ɗaga murya."

Ta sa hanci ta tura ɗan. Ya yi taku uku ya faɗi. Ta lashe shi, ta sake ɗaga shi. Ya yi biyar. Daga cikin kogo aka ji atishawa, sannan aka ji ana shaƙar iska da ƙarfi. Barewa ba ta yarda ta waiwaya ba, hawaye kawai take yi tana turawa.

Shirwa kuwa abin ya ba ta haushi, wai an bar maganarta an bi ta mai jan ciki.

Ta ce, "Ku tsaya ku gani. Zan sauko ƙasa-ƙasa in buɗe fiffike, ku ga inda iska za ta kai ni."

Ta sauko, ta buɗe. Iska ta daki fiffikenta na dama daga sama, ta tokari na hagu daga ƙasa, ta juya ta ƙafafu a sama, ta maka ta a ƙofar kogo. Daidai lokacin Kura ta leƙo, ido duk barci, tana neman naman da ta ji ƙanshinsa. Ta ga abu yana mutsu-mutsu a gabanta, ta kai cafka.

Da ƙyar Shirwa ta ƙwace, ta bar tsakiyar wutsiyarta a bakin Kura. Kafin Kura ta gama tofar da gashi ta sake ɗaga hanci, Barewa da ɗanta sun shige ciyawar arewa, ƙanshinsu ya bi iska ya yi yamma. Kura ta yi tsaki ta koma ciki.

Damo ya ɗaga kai ya ce, "Yaya Shirwa, ina iskar ta kai ki?"

Shirwa ta karkaɗe jikinta. Ta yi sama da giɓi a wutsiya, kuma giɓin bai sake cikewa ba.

Darasin wannan labari shi ne, sanin abu daga nesa bai kai sanin wanda yake zaune a cikinsa ba. In za ka tambayi halin wuri, tambayi mazauninsa, ko da a ƙasa yake jan ciki. Kai kuma da ka san sama, kada girman kai ya sa ka rantse a kan ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, don ran ɗan wani yana iya rataya a kan maganarka.