Gizo Ya Jiƙa Littafin Goro Ya Sha

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku, kuma sau ɗaya zan faɗe ta."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata shekara Gizo ya wayi gari ya ce noma ya ishe shi, fatauci zai koma. Ba wai ya taɓa yin wani noman kirki ba ne, amma dai ya ishe shi. Abin da ya tsone masa ido shi ne Kunkuru, babban mai goro na garinsu, wanda ke sayen goro lokacin araha, ya adana shi har ya zama daushe, tsohon goron nan da ake rububi, sannan ya sayar da tsada.

Gizo ba shi da jari. Matarsa Ƙoƙi ce ke da saniya ɗaya tal, gadon uwarta. Ya lallaɓa, ya rantse, ya ɗan taɓa kuka, har ta yarda. Aka sayar da saniya, ya sayo huhun goro uku.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, in goron nan ya lalace, ba mu da komai sai kai."

Gizo ya ce, "To ni ƙaramin abu ne?"

Ƙoƙi ta juya ta kama aikinta.

Ya tafi wurin Kunkuru ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da asirin."

Kunkuru ya miƙo masa wani ɗan littafi ya ce, "Babu asiri. Fataken da suka riga mu sun tafka asara, suka zauna suka rubuta yadda aka yi. Ni karantawa nake, don kada in maimaita asarar da wani ya riga ya yi mini. Ungo, falle goma sha biyu ne kacal."

Gizo ya iya karatu sarai, zama ne bai iya ba. Ya buɗe fallen farko, ya ga babu hoto, ya rufe.

Sai ya maƙala littafin a hammata, ya shiga zagaya kasuwa. Mutane suka fara ce masa Malam Gizo, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Yana can yana amsa gaisuwa, huhun farko da ya bari cikin rana a tsakar gida ya bushe, goro ya koma kamar tsakuwa.

Ƙoƙi ta ce, "Me littafin ya ce?"

"Bai saba da ni ba tukuna."

Sai ya sake dabara. Kullum in ya ci tuwon rana, sai ya yi matashi da littafin ya kwanta, wai ilimin zai tsiyaye masa ta kunne. Abin da ya samu shi ne ciwon wuya. Ran da aka buɗe huhu na biyu, sankara, tsutsar nan ta goro, ta gama da shi, har ta hayayyafa.

Ƙoƙi ta ce, "Yau kuma me littafin ya ce?"

"Yana magana, amma ƙasa-ƙasa."

"Maigida, saura fa huhu ɗaya."

Gizo ya zauna ya yi tunani, abin da ba kasafai yake ƙarewa lafiya ba. Can ya yi tsalle. "Ke! Bara da na yi zazzaɓi, ba rubutu malam ya yi a allo ya wanke mini na sha na warke ba? Na allo ɗaya ma ya yi aiki, balle falle goma sha biyu!"

"Wancan addu'a ce. Wannan bayanin goro ne."

"Rubutu dai rubutu ne. Kawo ƙwarya."

Ya yayyaga littafin, ya jiƙa, ya dama da ludayi kamar fura. Ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. "Da akwai nono da ya fi shiga."

Ƙoƙi ta ce, "Da akwai saniya da akwai nono."

Ya kafa kai ya shanye tas. Ilimin kuwa bai zauna ba. Kwana uku Gizo yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, bai da lokacin ko kallon goro.

Ƙoƙi ta zo wanke ƙwarya, sai ta tarar da falle ɗaya manne a gefe, ruwa bai gama cinye shi ba. Ta ɓamɓaro shi a hankali, ta shanya a inuwa, ta zauna ta karanta. Ga abin da ya ce: a ajiye huhu wuri mai sanyi, duk bayan 'yan kwanaki a kwance shi, a tsince wanda ya fara lalacewa, a sake masa ɗanyen ganye, a yayyafa ruwa kaɗan.

Shi ke nan. Haka ta riƙa yi, wata da watanni. Da goro ya yi wuya a kasuwa, ta fito da daushenta, aka yi wawa. Kuɗin bai kai na saniya ba, amma ya sayi karsana, ya kuma bar ɗan jari. Ta je ta sayo wani littafin, ta karance shi daga bango zuwa bango, ta ɗauki Gizo aikin dako.

Ran nan Kunkuru ya ci karo da shi, ya ɗauko huhu a ka yana nishi, Ƙoƙi na gaba da lema.

"A'a, Malam Gizo! Ina littafin?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ai labari ya iso ni: kai ka sha falle goma sha ɗaya, ita ta karanta ɗaya. Riƙe kayan da kyau, kada uwar ɗakinka ta waiwayo."

To kun ji, jikokina. Duk mai son ya riƙe kasuwa ko ya shugabanci mutane, ya karanta abin da na gaba suka rubuta, don asarar da ke cikin littafi ta fi wadda ke cikin huhu araha. Amma littafi ba laya ba ne. Ba a ratayawa, ba a matashi da shi, ba a sha. Zama ake a buɗe.

Ƙungurus kan kusu. Wanda bai yarda ba, ya je ya tambayi cikin Gizo.